Gam ɗin MGS L285 a zafin Kaduna: abin da na gani cikin bazara da damina

Duk wanda ya ji cewa ina haɗa ƙaramin jirgin sama mai kujera biyu a rumfar da ke bayan gidana a Kaduna, tambayar farko da yake yi mini ita ce ko da ƙyallen zaren kabon zan yi gangar jikinsa, domin sunan kabon ne ya yi tashe a bakin mutane. Zaɓen ƙyalle bai ɗauke ni mako guda ba. Abin da na shafe watanni ina jujjuyawa shi ne gam ɗin da zai riƙe ƙyallen, saboda shi ne yake fara sarewa idan rana ta buɗe.

Ƙera ƙaramin jirgi ba baƙon abu ba ne a garin nan. A Kaduna aka harhaɗa jiragen Air Beetle guda 60 da rundunar sojin sama ta yi amfani da su wajen horar da matuƙa, kuma tushensu shi ne RV-6A, jirgin da mutane ke haɗawa a gidajensu a Amurka. Sai dai wancan aikin alminiyam ne da ƙusoshi, shi ya sa tsofaffin ma'aikatan da na nemi shawararsu suka fi sanin ƙarfe. Ni kuwa hanyar Burt Rutan, mai tsara jiragen sama ɗan Amurka, na bi, wadda ya shahara da ita tun da jirginsa VariEze ya tashi a 1975: a sassaƙa soso mai tauri zuwa siffar da ake so, a lulluɓe shi ciki da waje da ƙyallen zaren gilashi, a jiƙa ƙyallen da gam ɗin ifoksi, ba tare da an ƙera wani mazubi ba.

Da farko na gwada gam ɗin faiba da masu gyaran bamba da tankin ruwa ke amfani da shi, wanda na saya a wani shago kusa da Panteka. Foliyesta ne, yana da araha, amma ina shafa shi a kan soson folistirin ya narkar da shi nan take, domin sinadarin da ke cikinsa yana cin irin wannan soso. Ko da bai ci ba, yana tsukewa sosai idan ya bushe, kuma riƙonsa bai kai na ifoksi ba. Mai shagon bai yaudare ni ba, kayansa na mota ne.

Daga nan na koma kan L285, wanda gam ɗin ifoksi ne da aka ƙirƙira a Jamus, kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar ta amince da shi wajen ƙera jirage marasa inji da masu inji. Ana haɗa kashi 100 na gam da kashi 40 na mahaɗin da ke sandarar da shi, da nauyi, don haka sikeli mai auna giram ya zama dole. Wanda ya saba awo da ido ko da murfin gwangwani zai yi asarar kuɗinsa. Mahaɗin iri-iri ne: mai lamba 285 yana ba da kamar minti 45 kafin gam ya fara kauri, mai lamba 287 kuwa yana kaiwa kusan awa 4, kuma ana iya gauraya su a sami tsaka-tsaki. Waɗannan alƙaluma na ɗaki mai sanyi ne. A watan Afrilu na dama da yawa a kofi mai zurfi da mahaɗin mai sauri, ban kai rabin aikin ba kofin ya ɗauki zafi har ya fara hayaƙi, domin gam ɗin da kansa yake haifar da zafi yayin da yake sandarewa, kuma idan ya taru wuri guda zafin ba ya samun mafita. Laifina ne. Tun daga ranar nake damawa kaɗan-kaɗan a faffaɗan faranti, da 287, kuma ina farawa bayan sallar asuba.

Wajen aiki ban ga abin kushewa ba. Ruwa-ruwa ne, yana ratsa ƙyalle da sauri har farin zaren ya koma garai-garai, abin da ke sa a gane wurin da bai jiƙu ba, kuma ba ya tilasta wa mutum ya lafta da yawa. Kowane giram na gam da ya wuce buƙata nauyi ne da jirgin zai ɗauka muddin yana tashi.

Abin da ya sa na tsaya a kansa shi ne maganar gashi, wato gasa aikin da zafi bayan ya bushe. Ifoksin da ya bushe a zafin ɗaki kawai yana fara laushi idan ya ɗumama, kuma jikin jirgin da aka ajiye a fili da azahar a bazarar Kaduna yana zafi fiye da iskar da ke kewaye da shi nesa ba kusa ba. Takardar bayanin L285 ta fayyace cewa idan aka gasa aikin a digiri 50 zuwa 55 a ma'aunin Salshiyas, ya cika sharaɗin jirage marasa inji, waɗanda ake ƙiyasta zafin aikinsu zuwa digiri 54. Jirgi mai inji kuwa, da ake buƙatar ya jure har digiri 72, sai an gasa shi a digiri 80. Na yi gwaji da falle biyu masu kauri ɗaya, na gasa guda a akwatin katako da na sa wa hita da ma'aunin zafi, na bar ɗayan yadda yake, sannan na ɗora musu nauyi iri ɗaya a cikin motar da aka rufe a rana. Wanda ba a gasa ba ya lanƙwashe ya zauna a haka, ɗan'uwansa kuwa bai gezau ba. Gashin yana ɗaukar sa'o'i masu yawa, ana ƙara zafin a hankali, kuma da yanayin wutar lantarkinmu sai da janareta a gefe. Dole kuma a tabbatar soson da ke ciki zai jure, domin folistirin yana fara lalacewa a wajejen digiri 80 ɗin nan. Ko bayan gashi, farin fenti zan yi, kamar yadda Rutan ya nace wa masu bin tsarinsa.

Game da ƙyalle, gilashi na ɗauka. Kabon ya fi tauri da rashin nauyi, amma yana tare siginar rediyo idan eriya tana ciki, yana sa alminiyam ɗin da ya taɓa shi ya zaizaye, kuma ɓarnarsa ba ta cika bayyana ga ido ba. Kevlar, ƙyallen da ake yin rigar kariya daga harsashi da shi, yana jure duka, sai dai yankansa da gogarsa azaba ne.

Wahalar L285 a wajen samu take. Ban same shi a shagunan da na zaga a Kaduna ba, sai oda daga waje da kuɗin waje, kuma mahaɗin yana cikin kaya masu haɗari wajen jigila, abin da wani dillalin kaya ya fake da shi ya riƙe mini gwangwanaye makonni. Da damina dole a rufe mahaɗin ruf, domin yana jan danshi, da hunturu kuma ƙura ce ke sauka a kan jiƙaƙƙen aiki idan ba a kewaye rumfa da leda ba. Safar hannu da takunkumi wajibi ne, saboda fatar da ta fara ƙin ifoksi ba ta cika komawa daidai ba.

Wanda tsarin jirginsa ya ambaci wani gam na daban, ya bi abin da mai tsarin ya rubuta, ya kuma tuntuɓi NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, tun kafin ya yanka ƙyalle. Oda ta biyu da na yi, 287 ya fi yawa a ciki, kuma ɓangarorin gefe na gangar jikin zan fara shimfiɗawa da zarar ruwa ya ɗauke a ƙarshen Oktoba.