Tad-fati ko kwamfirihensif: wanne ne zai gyara motarka?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi mota, wakilin inshora ya jero maka zaɓi uku, kana son sanin abin da ya raba mai arha da mai tsada. Bambancinsu yana wurin wanda za a biya ranar da tsautsayi ya afku. Bari mu auna su da haɗari guda.

A ce kana tafe da daddare, na gabanka ya taka birki, ba ka ankara ba ka daki bayansa. Bambarsa ta lotsa, fitilun baya sun tarwatse, fasinjansa ya bugu a wuya. Taka motar kuma lagireto ya fashe, bonet ya tanƙware.

Idan tad-fati ka yanka, kamfani zai biya gyaran motar mutumin da jinyar fasinjansa. Lagiretonka da bonet kuwa daga aljihunka za su fito. Sunan ma, wanda ke nufin ɓangare na uku da Turanci, ya faɗi haka: kai ne ɓangare na farko, kamfani na biyu, wanda ka yi wa ɓarna shi ne na uku, kuma dominsa aka yi ta. Ita ce mafi ƙanƙantar inshorar da doka ke tilasta wa direba a yawancin ƙasashe. Birtaniya ta wajabta ta tun 1930. Ka duba iyakar diyyar dukiya da aka rubuta a takardarka, domin idan motar da ka daka mai tsada ce, duk abin da ya haura wannan iyaka kai za ka cika.

Ta tsakiya tad-fati ce da aka ƙara wa gobara da sata. A haɗarin da muka kwatanta ba za ta ba ka ko sisi ba, sai motar ta ƙone ko an sace ta.

Kwamfirihensif ita ce za ta gyara motoci biyun, ko da laifinka ne. Galibi tana haɗawa da sata, gobara, faɗowar bishiya da fashewar gilas, ambaliya kuma wasu kamfanoni sai an ƙara ta daban. Wani abin lura: a Amurka wannan suna yana nufin ɓarnar da ba ta karo ba kawai, ta karo ana sayenta daban. Saboda haka abin da ke rubuce a takarda za ka bi, kada suna ya ruɗe ka.

A nan ne mutane suka fi cizon yatsa, don suna zaton komai ya faru an gama. Da farko akwai kason da ke wuyanka a kowace ɓarna, kamfani sai abin da ya haura shi yake biya. Idan ƙaramar ƙujewar fenti ce da gyaranta bai kai wannan kaso ba, babu abin da za ka karɓa. Yawan kason yana rage kuɗin da kake biya a shekara, amma kada ka zaɓi wanda ba za ka iya fitarwa lokaci guda ba. Sannan idan motar ta lalace har gyara ya zama asara, yawanci darajarta a kasuwa a ranar haɗarin za a ba ka, ba kuɗin da ka saye ta ba. Wanda kuma ya rage darajar motarsa wajen cike fom don ya biya kaɗan, kansa ya cuta: idan ya bayyana kashi 70 cikin 100 na ainihin darajarta, wasu kamfanoni kashi 70 na ɓarnar za su biya.

Babu ɗaya daga cikin ukun da ke biyan injin da ya buga saboda rashin mai, ko giya da ta gaji, ko tayar da ta cinye. Haka nan kamfani na iya ƙin gyara motarka idan direban ba shi da lasisi, ko yana cikin maye, ko an yi haya da motar da aka yi wa inshora a matsayin ta gida.

Shawarata, ka tambayi kanka: idan motar nan ta salwanta gobe, zan iya sayen wata ba tare da na shiga bashi ba? Idan a'a, ka ɗauki kwamfirihensif. Wanda ya sayi mota da rancen banki ma da wuya a ba shi zaɓi, ita za a gindaya masa. Tsohuwar mota da darajarta ta faɗi sosai kuwa, tad-fati mai faɗin iyaka ta wadatar. Idan tsarin takaful, wato inshora irin ta Musulunci, ka fi natsuwa da shi, kamfanoninsa ma wannan rabon suke yi, tambayoyin duk ɗaya ne.

Ko wacce ka yanka, ranar haɗari ka ɗauki hotuna kafin a matsar da motoci, ka rubuta lambar ɗaya motar, kada ka yi wa kowa alkawarin biya. Ka sanar da kamfani cikin wa'adin da ke takardarka, kuma kada makanike ya sa sifana kafin mai ƙiyasin kamfani ya gani.