Dattijon da ya gyara mana bulok ɗin tantan a Zariya, abin da na gani

Tantan ɗinmu Massey Ferguson 165 ce mai injin Perkins silinda huɗu, irin wadda aka daina ƙerawa tun wajen 1975, ta girme ni nesa ba kusa ba. Bana farkon damina ana haro a gonarmu ta Soba fanbel ya tsinke, yaron da ke tuƙi bai ankara ba don agogon zafin ya daɗe da mutuwa, sai da ta fara tururi, shi kuma dan ya taimaka ya ɗebo ruwan rijiya mai sanyi ya kwarara mata a lagireto. Shikenan, bulok, wato gangar jikin injin, ya tsage ta gefe, ruwa na tsiyaya kamar tulu ya fashe.

Farko mai waldan garinmu muka kira, ya ɗana mata rodin da yake haɗa ƙofa da taga da shi, kafin ya gama naɗe wayarsa muka ji ƙas, ta sake tsagewa a gefen waldar. Muka shafa gam ɗin ƙarfe, kwana biyu ya riƙe. Da na ji kuɗin bulok Beljiyam, wato na hannu da ake shigowa da shi daga waje, a Kano kuwa sai da na nemi waje na zauna. Wani direban tirela ne yace in gwada wani dattijo a Zariya da ba ya aikin komai sai ƙarfen kas, irin ƙarfen zubi da ake yin bulok da shi.

Shagon ba abin kallo bane, rumfar kwano ce da tarin gawayi da yara uku. Abu na farko da ya tambaye ni shine ya baƙin mai yake, ya zama kamar koko? Nace a'a Baba, baƙi ne wuluk. Yace to da sauran magana, da ruwa ya haɗu da mai ko tsagewar ta kai mazaunin kiranshaf da ba zan karɓi kuɗinka ba. Daga nan ya fara shiga raina, dan bakaniken da zai ce maka ga aikin da ba zai taɓa ba sun yi ƙaranci.

Sai da aka kwance injin kaf aka wanke bulok ɗin tsirara. Ya shafa kananzir ya goge, ya bi da garin alli, muna tsaye allin ya fara jiƙewa yana zana layi, ashe tsagewar da nake gani kamar tsawon yatsa ta kusa kamu guda, ta bi ta ƙarƙashin fenti. Ya huda ƙaramin rami a kowane ƙarshenta dan kar ta ci gaba da tafiya, ya kankare waldar banzar nan, ya yi wa tsagewar kwari da garanda, sannan suka gasa bulok ɗin a kan gawayi a hankali har ya ɗau zafi ko'ina. Rodin nikel ya sa, kuma wallahi yadda yake waldar sai ka ce rowa yake, ya ɗan ɗiga kamar inci ɗaya ya tsaya, ya ɗau ƙaramar guduma ya bubbuga tun da zafinta, ya koma can ɗaya gefen, haka har la'asar, ni da nake lissafin gonakin mutane da na karɓi kuɗin haro duk na ƙosa nace Baba ba za a ɗan ƙara hannu ba? Ko ɗago kai bai yi ba yace yaro kas ba ya miƙewa, in waldar ta huce ta ja shi karyewa yake, wancan na garinku sauri ya yi. Da ya gama suka binne bulok ɗin cikin busasshen yashi da toka, ba a tono shi ba sai washegari.

Ya toshe ramukan ruwa ya cika bulok ɗin da ruwa ya ba shi iska, ba ɗigo ko ɗaya. Ya kuma dage sai an kai top, wato murfin saman injin, an share fuskarsa dan zafin ya ɗan lanƙwasa shi, in ba haka ba sabon gaskit ɗin asara zai zama.

Inda suka ɓata min rai kuwa, kwana huɗu yace, sai da na yi sha ɗaya, yau ba wuta gobe an yi rasuwa a unguwa, waya kuma ba ya ɗauka sai ka wanke ƙafa ka je. Rodin nikel kai za ka siyo da kuɗinka kuma yana da tsada, ba a faɗa min ba sai da aka kwance inji. Yaransa sun ɓatar min da notin top guda biyu, rasit babu, garanti kuma na baki ne, wai in ta yi yoyo ka dawo. Duk da haka jimillar abin da na kashe har da gaskit da kuɗin mota bai kai rabin kuɗin Beljiyam ba.

Tun da aka ɗaura injin, tantan ɗin ta yi huɗa, ta yi dakon taki, yanzu masara take kwasowa, kullum da safe nakan shafa wajen da yatsa in ji ko da danshi, har yau a bushe yake. In za ku kai masa ku kai da rani, kuma ku ƙirga notinku a gabansu kafin ku tafi. Agogon zafi kam na sa sabo tun kafin mu bar Zariya.