Ƙwan fitilar zenon: mai 4300K, mai 6000K ko mai 8000K za ka ɗaura?

Duk wanda ya taɓa shiga layin masu kayan wutar mota a Ƙofar Ruwa ko Fanteka ya san yadda cinikin ƙwan fitila yake tafiya. Yaron shago zai zaro kwalaye uku ya jera maka a kan kanta, ya ce: "Alhaji, ga mai dubu huɗu da ɗari uku, ga mai dubu shida, ga mai dubu takwas. Wannan na ƙarshen shi ne babba, in ka kunna kamar rana ta fito." Ba farashi yake faɗa ba, lambar da ke jikin kwalin yake karanta maka, wadda ake rubuta K a bayanta. Kai kuma da ka ga lamba ta fi lamba, sai zuciya ta raya maka cewa babbar ita ce mai haske. Ta nan mutane da yawa suke sayen duhu da kuɗinsu.

Harafin K yana nufin Kelvin, kuma launin hasken yake aunawa, ba yawansa ba. Ka tuna ƙarfe a maƙera. Idan yaro ya fara zuga, ƙarfen yakan yi ja, wuta ta ƙaru ya koma ruwan lemo, sannan rawaya, daga nan ya nufi fari. Da zai jure fiye da haka, da ya shiga shuɗi. A kan wannan aka gina ma'aunin. Hasken kyandir yana wajen 1900K, ƙwan halojin na motocin da muka saba yana wajen 3200K, rana tsaka kuma tana kusa da 5500K. Yawan haske da wani ma'auni daban ake ƙirga shi, lumen, kuma shi ne ba kasafai za ka gani a rubuce da manyan baƙaƙe a kan kwali ba.

Ƙwan zenon na asali mai wat 35, irin D2S, yana ba da lumen kusan 3200, alhali halojin H7 mai wat 55 bai wuce 1500 ba. Ka ga ninki biyu ke nan da ƙarancin cin wuta. Dalili kuwa shi ne babu zaren waya a cikinsa. Tartsatsin lantarki ne ke tsallaka tsakanin ƙarafa biyu a cikin iskar zenon da wasu gishirin ƙarfe, su ne ke ba da hasken, shi ya sa yake ɗaukar 'yan daƙiƙoƙi kafin ya cika. BMW ce ta fara fito da shi a motarta mai lamba 7 a 1991, kuma tun daga lokacin kamfanonin mota suka tsaya a tsakanin 4100K da 4500K. Ba rashin sanin ado ba ne. A nan ne ƙwan yake ba da mafi yawan hasken da idon mutum ke amfana da shi, domin ido ya fi kama haske mai tsakanin rawaya da kore. Don a tura launin zuwa shuɗi, sai an sauya haɗin gishirin ko a shafa wa gilashin launi ya tare ɓangaren rawayar. Ko ta wace hanya aka bi, wani abu ya ragu daga hasken.

Mai 4300K fari ne da ɗan sirkin rawaya. Idan ka jera shi kusa da motar da ke da LED ta zamani, zai yi maka kamar tsohon yayi, wannan gaskiya ne. Amma shi ne na mai tafiyar dare. Mai 5000K fari ne tas, ba rawaya ba shuɗi, kuma abin da yake ragewa na haske kaɗan ne, da wuya ido ya lura. Ni a ganina wanda yake son ado da gani a lokaci guda, a nan ya kamata ya tsaya.

Rigimar tana kan 6000K, saboda shi ne ya fi kasuwa. Fari ne mai sanyi da ɗan shuɗi a gefe, yana yi wa mota kyau ƙwarai, musamman fara ko baƙa. A cikin gari, inda titi ke da fitilu, kwalta a bushe, ba za ka ce komai ya ragu ba. Har ma yana yaudarar ido: allunan hanya da farin fentin titi suna ɗaukarsa su yi wal-wal, sai ka rantse ka ƙaru da haske. Sai ka fita daga gari za ka gane bambancin. Abin da direba yake tsoro da dare ba allo ba ne, rami ne, da jar akuya, da saniya, da mai keke ba fitila sanye da riga mai duhu. Jar ƙasa da duk wani abu mai ruwan ƙasa suna shanye shuɗin haske, ba sa mayar maka da shi sosai. Hanyar burji a ƙarƙashin shuɗiyar fitila takan zama shafaffiya, ba ka rarrabe tudu da kwari sai taya ta faɗa.

Na taɓa ɗaura mai 8000K, shekarun baya, lokacin da ƙuruciya ke ɗibata. A bakin shagon, da magariba, na ja baya na kalli motar na ji daɗi, har abokai suna cewa ta koma ta 'yan gayu. Sati biyu bayan nan ruwa ya kama ni tsakanin Zariya da Funtuwa. Kwalta ta jiƙe ta yi baƙi ƙirin, sai na ga kamar ban kunna komai ba. Sau biyu ina taɓa makunnin don in tabbatar. Ɗigon ruwan da ke gabana yana ƙyalli, titin kuwa babu shi. Na lallaɓa a bayan wata tirela ina bin jar fitilarta har muka shiga gari, washegari na mayar da tsofaffin ƙwayayena.

Hazo ma haka yake yi, ko ya fi. A watannin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar da ke rataye a iska tana dawo maka da hasken fitilarka a fuska, kuma mai shuɗi ya fi gajiyar da ido idan ya dawo. Sai ka ga kamar farin labule a gaban mota. Wanda ke tahowa ta ɗaya hannun shi ma yana shan wahalarsa, musamman dattijo, don ido in ya manyanta yakan daɗe bai dawo daidai ba bayan an haske shi. A hanyar da ba a raba tsakiyarta ba, direban da ka kashe wa ido kai yake tunkarowa.

Daga 8000K zuwa sama, wato 10000K mai shuɗi sosai da 12000K mai ruwan shanshanbale, na kwalliya ne kawai. A ƙasashe da yawa ma ba a yarda a hau titi da su ba, don doka farin haske ta sani a fitilar gaba. Ba sai mun ɓata lokaci a kansu ba.

Akwai kuma mai 3000K, rawaya sosai. Dattawan da suka ga tsofaffin motocin da aka shigo da su daga Faransa za su tuna fitilunsu masu ruwan ƙwai, don doka ce a can tun shekarun 1930 har zuwa 1993. Rawaya tana da sauƙi a ido cikin hazo da ruwa. Wurinta shi ne ƙananan fitilun da ke ƙasan bamba. Mai 4300K a sama, mai 3000K a ƙasa, wannan haɗin ya fi kowanne dacewa da wanda ke yawan bin hanya da asuba.

Sai dai launi ba shi ne farkon abin dubawa ba. Ka fara sanin irin ƙwan da motarka ke ɗauka, a rubuce yake a gindinsa. D1S da D2S suna aiki da bolt 85, D3S da D4S kuma da bolt 42, ba sa shiga wurin juna. Toyota da Lexus da yawa da suka zo da zenon D4S suke ɗauka. Idan mai wayarin ya ce zai ɗan fere gindin ya shige, ka karɓi kayanka. Harafin S na fitila mai ido ne, wadda ke da dunƙulallen gilashi kamar ƙwallo a ciki, R kuma na mai kwanon madubi ne. Sannan kada ka sa hannu a wayoyin fitila a kunne. Ɗan akwatin da ke ba ƙwan wuta, wanda ake kira balas, yana harba sama da bolt 20,000 a lokacin tashi.

Idan motarka da halojin ta zo, a kwano mai madubi, ka sayo zenon ka cusa, to ko 4300K ne ba ka tsira ba. An ƙera madubin ne don zaren halojin, tartsatsin zenon kuma siffarsa daban ce, sai hasken ya watsu sama da gefe, ya haske rassan bishiya da idanun mutane. A Turai, fitilar da ta wuce lumen 2000 sai da na'urar daidaita tsayinta da ta wanke gilashinta ake barin ta, saboda wannan matsalar. Gara ka sayi halojin mai kyau, ko ka canza fitilar gaba ɗaya zuwa mai ido. Ka kuma kula da ƙwan da aka rubuta wa zenon a kwali alhali halojin ne aka shafa wa shuɗin launi. Ka ɗaga shi ka duba, in ka ga zaren waya a ciki, ba zenon ba ne.

Masu cewa a sa balas mai wat 55 don ƙarin haske, eh yana ƙaruwa, amma zafi ma yana ƙaruwa, ƙwan ya mutu da wuri, wani lokaci madubin cikin fitilar ya ƙone ya dushe. Kuma launin da ka biya kuɗi dominsa yakan koɗe ya koma fari-fari.

Osram da Philips su ne sanannu, kuma dukansu suna da na asali mai launin kamfani da kuma masu ɗan fari ko shuɗi, irin su Cool Blue Intense da WhiteVision, waɗanda aka yi su cikin iyakar doka. Jabunsu ya cika kasuwa, don haka in ka ji farashi ya yi arha fiye da hankali, ka san dalili. Ƙwan zenon ba ya mutuwa farat ɗaya kamar halojin. A hankali yake dushewa, launinsa yana karkata zuwa shuɗi ko ruwan hoda, wani lokaci ya riƙa ƙiftawa. Shi ya sa ake canza su biyu tare, in ba haka ba motar ta zama mai ido ɗaya fari ɗaya rawaya. Kafin ma ka zargi ƙwan, ka shafa robar gaban fitilar. In rana ta dafa ta ta yi rawaya ta yi kaushi, ita ce ke cinye hasken, kuma gogewa ta fi sabon ƙwai arha.

Bayan an ɗaura, kada ka yanke hukunci a bakin shago kana kallon fitilar ta gaba. Ka bari dare ya yi, ka sami fili mai daidai, ka tsaya kamar taku goma daga jikin katanga, ka kunna ta ƙasa. Ya kamata ka ga layi a miƙe, haske a ƙasansa, duhu a samansa, kuma layin ya ɗan yi ƙasa da tsayin fitilar. Sannan ka sa ƙaninka ya tsaya can nesa a gefen hanya da riga mai duhu, ka zauna a kujerar direba ka ga daga ina kake fara hango shi.