Sharhi kan taswirar keken iska mai fiffike da na saya na ƙera

A daminar da ta wuce na sayi wata taswira ta intanet, wadda ke nuna yadda ake ƙera ƙaramin keke mai taya uku da iska kaɗai ke turawa, babu inji, babu feda. Irin waɗannan kekuna sanannu ne a bakin teku a Faransa da Beljiyam, da kuma busassun tafkunan Amurka da Ostireliya, kuma galibinsu ƙyalle ake ɗaura musu a jikin dogon sanda irin na jirgin ruwa. Ni ma ina da wani tsoho da na yi wa ƙyalle da tamfol. Wannan taswirar kuwa fiffike ne da ita mai tauri, irin na jirgin sama, amma a tsaye bisa keken. Na ƙera, na hau shi duk tsawon hunturun bana a wani faƙo da ke bayan garinmu. Fiffiken ya yi abin da aka ce zai yi har da ƙari, sai dai ba zan ce wa wanda bai taɓa hawa keken iska ba ya fara da shi ba.

Gangar keken ba ta ba ni wahala ba ko kaɗan, kuma a nan mai taswirar ya cancanci yabo. Kowane awo da milimita yake, kowane noti an faɗi girmansa. Bututun ƙarfe ɗaya ne dogo daga gaba zuwa baya, wani ya gitta shi a baya yana riƙe da tayoyi biyu, tayar gaba kuma da ƙafa ake juya ta domin hannu ya samu damar riƙe igiyar da ake sarrafa fiffiken da ita. Tayoyin na baro ne, masu lamba 4.00-8, waɗanda ko'ina ana samunsu. Abu ɗaya da ya nanata shi ne a jefar da boris ɗin da ke zuwa da tayar baro a sa mai kyau, kuma gaskiyarsa, domin an yi wancan ne don tafiyar mai ɗaukar yashi. Mai waldan unguwarmu ya duba takardun ya ce, "Malam, wannan ai ko yaron shago zai haɗa maka shi." Haka kuwa aka yi.

Aikin gaske yana jikin fiffiken. Tsawonsa mita uku da rabi, faɗinsa santimita 90, wato kusan murabba'in mita uku ke nan. Ana yanka haƙarƙari na filawud a jera su a jikin bututun alminiyum, a naɗe goshin da filawud marar kauri, sauran kuma a lulluɓe shi da yadi. Siffar haƙarƙarin ita ce NACA 0015, ɗaya daga cikin siffofin da hukumar binciken jiragen sama ta Amurka ta fitar a shekarun 1930, hukumar da ta rikiɗe ta zama NASA a 1958. Lambar 15 na nufin kaurin fiffiken kashi 15 cikin ɗari ne na faɗinsa, sifili biyun kuma na nufin gefensa biyu iri ɗaya ne. Dole ya zama haka, tunda yanzu iska na bugowa ta dama, da ka juya kuma ta koma hagu. An zana haƙarƙarin da ainihin girmansu, sai dai ka buga a takarda ka manna a katako ka bi layi da zarto. Fiffiken yana juyawa ne a kan sanda da ke wajen kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinsa daga goshi, shi ya sa igiyar ba ta ja da ƙarfi. Da tsohon ƙyallena hannuna kan yi kanta, da wannan yatsu biyu sun isa.

Ƙorafina na farko a kan kayan aiki ne. Taswirar ta kira gam mai haɗi biyu na masu ƙera kwalekwale, da filawud na jiragen sama, da wani yadi da ke tsukewa idan an goga masa dutsen guga. Na zaga Kano ban samu biyun ƙarshe ba, kuma babu ko layi ɗaya da ya ce in babu wannan a yi amfani da wancan. Mutumin da ke sayar wa duniya baki ɗaya ya kamata ya tuna ba kowa ke da irin kantinsu ba. Na yi da filawud na kafintoci mai milimita uku, na lulluɓe da ledar da ake buga allon talla. Fiffiken ya fito da nauyi sosai fiye da na taswira, kuma nauyin da ke sama shi ne mafi sharri ga abin da ke neman kifewa. Ga kuma bushewar hunturu, wadda ta tsattsaga filawud ɗin goshi kafin watan Janairu ya fita, duk da fentin da na shafa ciki da waje.

Amma fa idan ya kama iska, sai wanda ya hau. A iskar safe mai sauƙi, wadda tamfol ɗina ba ya ko motsa keke, wannan da ɗan turi kaɗan yake ɗauka. Da ya fara gudu sai gudun kansa ya ƙara masa iska ta gaba, ita kuma ta ƙara masa gudu, har ka tarar kana tafiya fiye da iskar da ke kaɗawa, kusan ninki biyu bisa abin da wayata ta auna. Yana kuma iya kutsawa kusa da inda iska ke fitowa fiye da yadda ƙyalle zai yarda. Babu faifaita, babu kaɗawa, ƙarar tayoyi kawai kake ji.

Wannan shirun kuma shi ne matsalarsa. Ƙyalle yana gaya maka halin da yake ciki: in ka saki da yawa zai kaɗa, in ka ja da yawa za ka gani a cikinsa. Fiffike ba ya cewa komai. Yana aiki ne idan iska na bugunsa a karkace da 'yar kusurwa, wajen digiri goma, da ka wuce sha biyar ko kusa da haka sai iskar ta rabu da bayansa, ƙarfin ya zube, keken ya yi sanyi ba ka san dalili ba. Maganin shi ne a manna guntayen zaren ulu a gefe biyu, a kuma kafa 'yar tuta a gaban keke. Zaren ya kwanta, kana daidai, ya fara rawa, sai ka saki igiya. Mai taswirar ya ambaci wannan a jimla ɗaya can ƙarshe, alhali shafi guda ya kamata ya ba shi, domin in babu zaren nan lalube kawai mutum yake yi.

A tallarsa ya kawo hotunan manyan kekunan da suka kafa tarihi, kuma ba ƙarya ya yi ba. Richard Jenkins ɗan Ingila ya kai kilomita 202.9 a awa da Greenbird a busasshen tafkin Ivanpah na Amurka a watan Maris na 2009. Glenn Ashby ya karya wannan da Horonuku a tafkin gishiri na Gairdner a Ostireliya, inda ya kai 222.4 a Disambar 2022. Dukansu fiffike mai tauri suke da shi. Sai dai a fili mai santsi kamar faranti suka yi, suna jiran iskar da suke so. Waɗanda suka ratsa Sahara da keken iska a 1967, daga Kolom-Beshar ta Aljeriya zuwa Nuwakshot ta Muritaniya, ƙyalle suka ɗaura, kuma faƙonmu ya fi kama da hanyarsu. Har ila yau, dokar gasar ƙananan kekuna da ake kira Mini 5.60, inda igiya mai mita 5.6 za ta zagaye tayoyin uku, ba ta yarda da sanda mai siffar fiffike ba. Mai niyyar gasa ya san da wannan kafin ya biya kuɗi.

Babban abin da ya sa na ce kada sabon shiga ya fara da shi shi ne ba a iya rage girman fiffiken idan iska ta yi yawa. Masu Blokart, ƙaramin keken da ake ƙerawa a Niyuzilan, suna da ƙyalle na murabba'in mita 2 da 3 da 4 da 5.5, suna canzawa gwargwadon iskar ranar. Fiffike yadda ka ƙera shi haka yake. Ƙarfin iska kuwa in gudunta ya ninka biyu, turinta ninki huɗu yake yi. Iskar hunturu da hantsi tana zuwa ne a fizge, ga guguwa da kan taso ba sallama. Ta taɓa ɗaga mini tayar baya ɗaya har keken ya kwanta, kan fiffiken ya daki ƙasa, haƙarƙarin sama suka karye. Hular kwano ce ta tsare mini kai, kuma ba na barin kowa ya hau babu ita. Ko a tsaye ba a barinsa shi kaɗai, sai an kwantar da keken ko an zare fiffiken, wanda aikin mutum biyu ne. Ba ya shiga a-daidaita-sahu, sai bisa rufin mota. Birkin da aka zana kuma sanda ce kawai da ke kartar ƙasa, tsayawa ta gaske ita ce ka juya hancin keke ya fuskanci iska, kuma wannan sai da fili. Tsidau ma ya sa na zama abokin mai faci, har sai da na shimfiɗa tsohon tub tsakanin taya da sabon.

Na rubuta wa mai taswirar a kan kifewar, ya kuwa amsa cikin mutunci, ya aiko da ƙarin zane. Shawararsa ita ce a faɗaɗa tsakanin tayoyin baya, a kuma maye bututun da ya gitta da katako mai ɗan lanƙwasa domin ya riƙa shanye gargada da fizgar iska. Na yi hakan, keken ya fi zama a ƙasa sosai. Yanzu ina raba fiffiken gida biyu, ta yadda za a iya zare mita ɗaya na sama ranar da iska ta yi yawa, kuma na tura masa awon mahaɗin ina jiran ya duba ko bututun ciki zai ɗauka.