Magudanar garejina bayan damina biyu

Shekaranjiya na ɗaga murfin magudanar garejina na kwashe yashi kusan rabin bokiti, sai na ce bari in faɗa wa masu shirin zuba dabe bana yadda ta yi mini.

Daben farko da aka yi a gidana na Ƙofar Ƙaura, rariyar banɗaki aka dasa a tsakiyarsa, 'yar ƙaramar nan mai inci 4. Mai shagon ya tabbatar mini za ta isa. Sati biyu ba ta yi ba taya ta lotsa ta. Ramukanta ƙanana ne, da an wanke mota kumfa da yashi sun toshe su, ruwa ya kwanta har gindin bango. Da na ga fenti ya fara ɓarewa, raina ya ɓaci ƙwarai, na sa aka fasa daben.

A karo na biyu doguwar magudana na saya, wadda ake sayarwa mita ɗai-ɗai ana haɗawa. Jikinta roba ce mai kauri, faɗinta santimita 10, murfinta ƙarfe mai tsaga-tsaga da ake ɗagawa. Uku na ɗauka, suka rufe bakin ƙofar daga wannan bango zuwa wancan. Don Allah ku duba lambar da ke jikin murfin kafin ku biya. A15 ta masu tafiya a ƙasa ce da kekuna. B125, wadda aka gwada da nauyin tan 12.5, ita ce ta ƙananan motoci. A ido kusan iri ɗaya suke, kuma ba kowane yaron shago ya san bambancin ba.

Maginin da ya dasa ta, wani dattijo mutumin Daura, shi ya fi burge ni. Ina gaggawa a zuba kankare, ya ce, "Alhaji, yi haƙuri. Rariya ba ta kiran ruwa, dabe ke kai mata shi." Ya ɗauko siririn tiyo ya cika da ruwa, ya yi ta sa alama a bango da alli, ya ba daben gangare na santimita ɗaya da rabi a kowace mita. Tsawon garejin mita 6 ne, ke nan bakin ƙofa ya sauka da santimita 9. Ya zuba kankare a ƙarƙashin magudanar da gefunanta, ya sa murfin ya ɗan nutse ƙasa da dabe kaɗan, ya liƙe shi da leda kada siminti ya shiga. Yanzu in na watsa bokiti daga ƙurya, ina tsaye ruwan zai wuce ni.

A nan Katsina yashi ne matsalar, ya fi ruwan. Ƙurar hunturu da abin da taya ke kwasowa duk can suke taruwa, shi ya sa ƙaramin akwatin tara yashi da ke ƙarshenta ya fi mini komai amfani. Daga shi bututu mai inci 4 ya fita zuwa kwatar waje. Ban haɗa da sokawe ba, saboda wari. Baƙin mai kuwa a galan nake tarawa, ba na yarda yara su zuba ciki.

Tana da aibi. Kusoshin murfin sun yi tsatsa tun daminar farko, na canza su. Guntun tsakiya yana ƙara in mota ta hau, har sai da na sa masa yankan tsohon tib. Sau ɗaya kuma, a wani ruwan Agusta mai ƙarfi, ruwan tsakar gida ya fi ƙarfinta ya tsallako ciki. Da yau zan saya, mai faɗin santimita 15 zan ɗauka, kuma ita na ce wa ƙanena ya nema don garejinsa da za a zuba bayan salla.