ChipWhisperer-Lite: ma'auni mai kyau na gano inda sirri ke zuba, amma ga ma'ajiya mai lissafi ya yi ƙaranci

Ma'ajiya mai lissafi, wato wadda ake yin ninkawa da tarawa a cikin ƙwayoyinta ba tare da an kai bayanai wurin furosesa ba, tana rage cin wuta ƙwarai, shi ya sa ake son ta ga ƙananan na'urorin basirar kwamfuta. Matsalarta a nan take kuma. Layuka da yawa na kunnuwa lokaci guda, wutar da suke ja kuwa tana bin lambobin da ke ajiye. Wanda ya auna wutar zai iya gano lambobin nauyin samfurin basirar, wato lambobin da ya koya, ko mabuɗin sirri, kamar mai gane abin da ake dakawa a maƙwabta daga ƙarar turmi. Paul Kocher da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan ɓarauniyar hanya a 1999, kuma har yau ba a gane kariya ta kama sai an auna.

ChipWhisperer-Lite na kamfanin NewAE na Kanada, wanda Colin O'Flynn ya ƙirƙira, allo ne na wannan awon. Sashen ɗaukar awo yana da ADC, wato mai mayar da ƙarfin wuta lambobi, mai bit 10 da ke kai awo miliyan 105 a daƙiƙa, da amfilifaya, da FPGA Spartan-6, cif ɗin da ake iya sake tsara da'irarsa. A jikinsa akwai ƙaramin allon gwaji mai furosesa XMEGA ko STM32F303. Da Python da Jupyter ake sarrafa shi, kuma manhajar buɗaɗɗiya ce.

Babban alherinsa shi ne agogo ɗaya ke tafiyar da allon gwaji da ma'auni. Umarnin default_setup yana sa agogon a 7.37 MHz, awo huɗu a kowane bugu, ƙarfin amfilifaya 25 dB, awo 5000 a kowane sawu, wato jerin awon da aka ɗauka a lissafi guda. Tun da kowane awo yana faɗawa wuri ɗaya a cikin bugun, sawu na daidaita da ɗan'uwansa ba wahala, abin da osiloskof mai agogon kansa sai ya yi gudu ninkin-ba-ninkin kafin ya cimma. A kan AES-128, tsarin rufe bayanai da mabuɗi, idan ba shi da kariya, sawu kamar 50 sun isa a gano mabuɗin. Ana ɗaukar mabuɗin bayit-bayit, guda 16, kowanne da zato 256, a kwatanta yawan bit masu 1 a fitowar S-box, jadawalin musanya lambobi na AES, da wutar da aka auna, bisa hanyar da Brier da Clavier da Olivier suka fitar a 2004. Zaton da ya dace sai ya yi tsini ya bar sauran. Ɗalibin lantarki a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi da ya ga haka da idonsa ba zai ƙara raina wannan hari ba.

To, amma allon gwajin nan ba ma'ajiya mai lissafi ba ce, kuma mai saye ya san da haka tun farko. Wanda zai gwada nasa zanen na dijital sai ya ƙara da allon CW305 mai FPGA Artix-7, ya zuba bishiyar tarawarsa, wato da'irar da ke haɗa lambobi mataki-mataki, a ciki. Mai cif na gaske, na ma'ajiya irin SRAM ko RRAM, sai ya haɗa allonsa: ƙaramar rezista a kan layin wutar ƙwayoyin, a cire kafasitocin da ke tsakaninta da cif ɗin don suna shanye abin da ake nema, a fito da waya ɗaya da ke tashi daidai lokacin fara lissafi.

Rumbunsa ma ƙarami ne, awo kamar 24,400. A kan huɗu a bugu, bugu 6,100 ke nan, bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, alhali lissafin samfurin basira ya fi haka tsawo nesa. Ana iya dawowa awo ɗaya a bugu, ko a ɗauka gunduwa-gunduwa ana matsar da mafari.  Ga mai aikin bincike na sosai, ChipWhisperer-Husky mai bit 12 da awo miliyan 200 a daƙiƙa ya fi dacewa. ChipWhisperer-Nano mai bit 8 na aji ne kawai.

Inda allon ya fi biyan kuɗinsa shi ne gwada kariya. Wadda aka fi dogara da ita ita ce raba kowace lamba gida-gida da lambar kacici, wato lambar da ake fitarwa ba tsari, yadda kowane kashi shi kaɗai ba ya faɗin komai. Masu bincike na jami'ar MIT ta Amurka sun yi haka a cif ɗinsu na 2024, suka ƙara da rufe samfurin da ke ajiye a waje, da mabuɗin da ake samarwa daga ƙwayoyin ma'ajiyar kansu. Kuɗin hakan ƙarin fili ne da ƙarin wuta. A zanen koyo kuwa, rabon yakan lalace a wurin tarawa, inda kasassu biyu ke haɗuwa a ƙofa ɗaya, ko injin lambar kacici ya riƙa maimaita kansa.

Gwajin TVLA, na gano zubar sirri ta wuta, ke tona wannan. A tara sawu rukuni biyu, ɗaya da shigarwa tsayayya, ɗaya da mai canzawa, a yi musu lissafin t na Welch, mai auna bambancin rukuni biyu. Duk inda ya wuce 4.5, sama ko ƙasa, akwai zuba. A cakuɗa rukunonin yayin ɗauka, kada a yi ɗaya da safe ɗaya da azahar. A zafin Afrilu na Maradi cif yana canza cin wuta tsakanin hantsi da tsakar rana, sai gwajin ya nuna zubar da babu ita. A maimaita da sabbin sawu, a yarda da tsinin da ya fito wuri ɗaya sau biyu kawai.

A cire cajar kwamfuta lokacin awo, don inbata da janareta suna cika layin da hayaniya. Idan sawu ya daki 0.5 ya baje, a rage amfilifaya. Da hunturu kuma, iska a bushe, a ɗaura igiyar sauke caji a hannu kafin a taɓa allon, domin ba shi da murfi.