Rediyon intanet da na saya wa Baba: sauti garau, amma sai mai ido

A makon farko babu wanda ban yaba wa akwatin nan ba. Baba ya rasa ganinsa sanadiyyar hawan jinin ido, kuma shekara da shekaru yana fama da gajeren zango, BBC Hausa da DW da RFI, ga shuuu ɗin nan da ke cinye labari a tsakiya. Da na jona masa wannan mai kama tashoshi ta intanet, murya ta fito tas. Har Freedom ta Kano yana ji daga nan Minna.

To, ranar da na yi tafiya aka ɗauke wuta cikin dare. Da asuba aka kawo, ya laluba ya kunna don shirin safe na BBC, shiru. Ashe akwatin ya rabu da Wi-Fi, ya rubuta a allo cewa a sake sa lambar sirri. Ya rubuta! Wa zai karanta? Ko ƙara ɗaya ba ya yi da zai nuna akwai matsala. Baba ya yi ta murɗa maballin, shi kuwa maballin juyawa kawai yake, ba farko ba ƙarshe, har ya faɗa wajen saiti ya mayar da komai Jamusanci. Ya kira ni yana cewa, "Kai, wannan abin naka ya mutu ne?" Wallahi raina ya ɓaci. Mutumin da ke nemo tasha da kunne da yatsa a tsohuwar rediyonsa, yau shi ne ke zaman jiran jika ya taso daga islamiyya.

Maɓallan ajiye tasha ma shafaffu ne, duk girmansu ɗaya, sai da na manna ƙananan duwatsun ado a kansu don yatsa ya bambance. Wannan ya taimaka, ba laifi, yanzu yana sauya tasha da kansa. Amma neman sabuwa ko komawa kan intanet, dole mai ido. Wayar Android ma tana da TalkBack mai karanta abin da ke allo, me ya hana su sa wa na'urar da aikinta kawai magana?

Ga data kuma. Tasha mai 64kbps, wato ma'aunin ingancin sautinta, tana shan kusan 29MB a awa, Baba kuwa wuni yake yi da ita. Na sayo batir na mayar masa da tsohuwar kusa da filo, wannan sai in ina gida.